Ƙyauren Ɗakin Gwaggo

Safana,
Afrilu, 1975.

Zuwa ga bawana Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aikin masaƙa, yaya Kaduna? Mu nan zafin bazara ya sa mu gaba, sai dai godiya. Tasalla ta yi fama da ciwon ido amma ta warke, har ta koma makaranta. Maijidda kuwa ba abin da ke damunta sai ci.

Kada ka ga na ce bawana ka ɓata fuska a gaban matarka. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, ni jikar namiji, kai jikan mace, don haka ko bene ka gina a Kaduna sunanka bawana. Abin da ya ɓata tsarin kawai shi ne yau uwar ɗaki ce ke zaman haya a gidan bawanta. Mutanen Safana har yanzu ba su gama mamaki ba. Jiya wata tsohuwa da ta rako jikarta awo ta tambaye ni, wai da gaske ne akwai mai biyan kuɗi don ya kwana a ɗaki? Na ce mata to, zamani ke nan.

Ban da wasa, ban manta alherinka ba. Lokacin da maigidana Armaya'u ya rasu aka turo ni daga Batsari in riƙe aikin ungozoma a ɗakin shan magani na nan, ba ƙofar da ban buga ba. Kowa cewa yake ba ya ajiye mace marar miji da ɗiya mata biyu. Ba don ka buɗe mini gidan Gwaggo mahaifiyarka ba, da tuni na ajiye aikin na koma cin tuwon yayana. Har gobe in na rasa gidan ga, na rasa aikin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na kira Gambo magini ya yaɓe rufin ɗakunan nan biyu da muke ciki, ya share indararo, tunda mai kwana a ƙarƙashin soro shi ke yi masa yaɓe. Saura ɗakin Gwaggo, Allah ya jiƙanta, wanda ka garƙame da kwaɗo tun bayan rasuwarta. Damina biyu ke nan ba a hau kansa ba. Ciyawa ta fito a rufin har ta bushe, bakin indararon ya toshe, kuma na ga hanyar gara ta bi jikin ƙyaure ta shige ciki. Gambo ya ce ba ya hawa sai da izininka, domin ƙanin mahaifinka, Baba Sammani, ya gaya masa ka hana a taɓa ɗakin.

Ka ba da izini a yaɓe shi. Ka kuma aiko mini da makulli in riƙa buɗewa yana shan iska, in ɗan hura wuta hayaƙi ya kori garar. Ko allura ba zan ɗauka ba. Ka ba Daudu direba amsa in ya zo ɗaukar kaya, ya fi gidan waya sauri.

Ni ce uwar ɗakinka,
Saude.

Kaduna,
Mayu, 1975.

Zuwa ga uwar ɗakina Saude,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Mu ma nan lafiya lau, sai aiki da ya hana ni sakat, har kunnena ƙara yake saboda injuna. Takardarki ta same ni. Na karanta wa Zuwairatu, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe bawa ta aura ba a gaya mata ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, uwar ɗakin tawa ma a inuwata take kwana.

Maganar ɗakin Inna kuwa, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Ke ba baƙuwa ba ce, bari in gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Ranar da Inna ta cika ina tsaye bakin inji. Sai da aka rufe ta waya ta iso ni. Da na zo na iske ɗakin yadda ta bar shi, buzunta a shimfiɗe, carbi a rataye jikin gado, tasoshinta a jere, ko ƙamshin turarenta bai fita ba. Na ja ƙyaure na sa kwaɗo. Abin da ya rage mini nata ke nan. In gajiya ta yi mini yawa a nan, ɗakin nake tunawa yana can a rufe yana jirana, sai in ji sanyi a raina. Ba na son wani ƙato ya hau yana tattaka saman kayanta, ba na kuma son hayaƙi ya baƙanta mini su.

Ban da haka ma, yaɓen ɓata ƙarfi ne. An yi mana ƙarin albashi, na kuma ƙudurta in sauke rufin ƙasar nan gaba ɗaya in ɗora kwano, in shafe bangon da siminti, ina tsaye da kaina. Zamanin kwaɓa laka kowace shekara ya wuce, uwar ɗakina. Kwanon ne ya yi wuya a kasuwa, an ce kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, amma na yi magana da wani mai kanti. Kafin ruwa ya kankama za ki gan ni. Soron da mahaifina ya gina tun ban san kaina ba, ba damina ɗaya ce za ta kayar da shi ba.

Makulli yana aljihuna, nan zai zauna. Ki gaishe da Baba Sammani, ki shafa mini kan su Tasalla.

Ni ne bawan naki,
Labaran.

Safana,
Yuli, 1975.

Zuwa ga Labaran,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu lafiya, sai zazzaɓi da ke yawo a gari.

Ruwa ya kankama, gero ya wuce gwiwa, ba kai ba kwano. Duk ranar da Daudu ya shigo gari sai na leƙa bayan motarsa, buhunan gishiri kawai nake gani. Bangon ɗakin Gwaggo na gabas ya tsage daga sama. In an yi ruwa indararon ba ya zubar da komai, ka ga a kan rufin ruwan yake kwana. Na kara hancina a ƙyaure, warin ruɓa nake ji, ba turare ba. Na sake zuwa wurin Baba Sammani, ya ce shi ba ya ƙetare maganar mai gida.

Don Allah ka rubuto ko kalma ɗaya ce. Yau ban da ƙarfin yi maka wasa.

Saude.

Safana,
Agusta, 1975.

Zuwa ga Labaran,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya da iyali. Mu mun tsira da rayukanmu, alhamdu lillahi. Kafaɗata ta hagu ce ta kumbura, amma ba karaya.

Ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka. Ɗakin Gwaggo ya rufta.

Ruwa aka yi ta yi kwana da kwanaki ba rana. Ran Talata bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji ƙara daga ɗakin kamar ana karya kara. Na je na sa ido a tsagar ƙyaure. Rufin ya yi ciki ya sauko, ƙasa na zubowa a kan gado, ruwa na bin bango. Na aika Tasalla da gudu ta kira Baba Sammani, aka ce yana gona. Na tsaya ina kallon kwaɗon nan naka. Na tuna ka ce kada a taɓa, na kuma tuna ka ce kayan ciki su ne abin da ya rage maka nata. Ban ga yadda zan riƙe maka maganganun nan duka biyu ba, sai na ɗauki taɓarya.

Kwaɗon Kaduna ne, ya ƙi. Ƙyauren ne ya tsage biyu. Na hana yara matsowa, na shiga ni kaɗai ina miƙo musu kaya daga bakin ƙofa. Na fito da adudun zannuwanta, da akwatin, da tasoshi, da buzu da carbi. Gadon ya fi ƙarfina. Na juya zan koma ɗauko kwallayen da ke bayan gado, rufin ya sauko gaba ɗaya, guntun azara ya same ni a kafaɗa ina bakin ƙofa. Da na ƙara taku ɗaya, da wani ne zai rubuto maka wannan takarda.

Da ƙura ta lafa na zauna a cikin laka na yi kuka, ba don kafaɗar ba. A ɗakin nan Gwaggo ta taɓa yi mini kitso ina yarinya, lokacin da aka zo da ni sunan ƙanwarka.

Kayan suna ɗakina. Zannuwan sun jiƙe, wasu gara ta huda, na wanke na shanya a igiya don kada su yi fumfuna. Buzun rabinsa ya tafi. Ka zo ka ga abinka, ka faɗi yadda za a yi. Na san abin zai yi maka zafi, ni ma ya yi mini.

Ni ce taka,
Saude.

Kaduna,
Satumba, 1975.

Zuwa ga Saude,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe kafaɗa.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, domin motar Daudu ta lalace a Dutsinma ta daɗe a hannun makanikai. Amma kafin su iso labari ya riga su. Baba Sammani ya aiko mini da wani ɗan garinmu, ya gaya mini komai.

Na karanta takardarki ta biyu har na kusa haddace ta. Da hannunki kika rubuta cewa kin daki ƙofar da taɓarya har ƙyaure ya tsage, bayan nan rufi ya sauko. Bangon da ya sha ruwa a yi ta jibgarsa da taɓarya, me ake jira? Ɗakin ya yi shekaru yana tsaye, bai faɗi ba sai ranar da kika sa masa hannu. Baba ya ce kuma tun zuwanki a gindin bangon nan kika kafa turken akuyarki, ta yi ta goga jiki tana lasa har ta yi rami. Ya ce ruwan wankinku ma ta bayan ɗakin yake bi. Waɗannan ba ki rubuto su ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, zannuwan Inna a kan igiya, duk wanda ya shigo gidan yana kallo, mata na ɗagawa suna tambayar ko na sayarwa ne. Ni da na hana ko iska ta taɓa su!

Saude, ni ma haya nake a nan, na san ƙa'ida. Akwai tsufa, akwai ɓarna. In fenti ya koɗe ko daɓe ya zaizaye don tafiya, wannan na mai gida ne, ba mai cewa uffan. Amma in ɗan haya ya fasa ƙofa ko dabbarsa ta ci bango, nasa ne, ko ɗan'uwa ne ko bare. Ba don ke ce ba da ban tsaya rubutu ba.

Ba a ba ni hutu ba, don haka na rubuta wa Baba. Zai kira mai unguwa da Gambo magini su duba ɗakin su rarrabe wanne ne tsufa, wanne ne ɓarna. Kayan Inna kuma a fito da su daga ɗakinki a gabansu, a duba ɗaya bayan ɗaya, Baba ya san abin da take da shi, a kai gidansa. In ta tabbata hannunki ne ya kayar da ɗakin, ba na jin zama zai ci gaba.

Labaran.

Safana,
Oktoba, 1975.

Zuwa ga Malam Labaran,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kafaɗa ta yi sauƙi, na gode da layi ɗayan da ka ba ta.

An yi abin da ka ce. Ran Juma'a da hantsi suka zo, mai unguwa da Baba Sammani da Gambo, da 'yan kallo da ba wanda ya gayyace su. Zan gaya maka yadda aka yi tun kafin a aiko maka da wani ɗan gari.

Gambo ya tono azara daga cikin ƙasa. Daga waje lafiya lau take, baƙa wuluk da hayaƙin Gwaggo na da. Ya taka ta, ta murƙushe kamar busasshen ƙosai, ciki duk gara. Ya tono wata, haka. Mai unguwa ya tambaye shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga ba aikin damina guda ba ne. Sun daɗe suna ci ba mai gani." Baba Sammani ya ce to taɓaryar fa? Gambo ya ce shi dai bai ga dukan ba, ba ya rantsuwa a kai, amma rufin da ya riga ya yi ciki ko tari aka yi kusa da shi yana iya saukowa. Mai unguwa ya ce rufi tsufa ne da rashin yaɓe.

Suka zagaya baya. Hanyar ruwan da aka ce ni na ɓullo da ita, mai unguwa da kansa ya ce tun yana saurayi nan ruwan gidan ke bi. Suka dawo wurin turke. Ramin yana nan, ban ɓoye shi ba, zurfinsa kamar a sa ƙwarya. Nan ne kaɗai inuwa a gidan, shi ya sa na ɗaure akuyar a wurin. Gambo ya ce, "Wanga kam na akuya ne. Sai dai bangon yana tsaye, rufi ne a ƙasa." Aka ce ɓarna ce, tawa ce, in cike. Na ce na ji.

Sai ƙyaure. Kowa ya tsaya yana kallon ɓarin nan biyu. Can mai unguwa ya ce, "Ɗiyata, kowa ya san dalilinki, Allah ya saka miki. Amma an ce in rarrabe, kuma ƙyauren ga ba tsufa ya fasa shi ba." Na ce gaskiya ne, ni na fasa.

Da a nan aka tsaya, Labaran, da na haɗiye. Amma aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka ce in fito da kaya. Baba Sammani ya zauna yana ɗaga tasa ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana ware zannuwa yana ƙirgawa. Ya ce kamar akwai wata ƙaramar tasa mai murfi da bai gani ba. Ya dubi ɗakina, ya dubi Tasalla. Yarinyar nan ta shiga da kanta ta fito da kwanukanmu duka ta kife su a gabansa. Daga baya aka tono tasar a ƙarƙashin gado, ta lotse. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Tun ranar ba ta fita wasa, yara sun sa mata suna.

Ni da nake shiga ɗakunan matan garin nan a lokacin da ba sa ko iya rufe akwatinsu, ba a taɓa neman ko zobe an rasa ba. Zannuwan kuwa da ban shanya ba da yanzu ba abin da Baba zai ƙirga.

Ka ce in ta tabbata hannuna ne. To, ga abin da ya tabbata. Zan cike ramin, zan sa sabon ƙyaure. Ina roƙonka ka bar mu a gidan, ba don na ji daɗin roƙon ba. Na sake zagaya garin, amsar ba ta canza ba, yanzu ma an ƙara da cewa ni ce mai fasa ɗakin mutane.

Saude.

Kaduna,
Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Malama Saude,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ga takardarki, na kuma ji daga bakin Baba. Hukuncin dattawa na karɓa, ba ni da ja. Ban ce kin ɗauki komai ba, ƙa'ida ce kawai aka bi.

Sai dai magini da kansa ya ce ba ya rantsuwa a kan taɓaryar. Ni kuma in na rufe ido ita nake gani. Wataƙila da ba a daki ƙofar ba ɗakin ya kai rani, da na zo da kwanon na same shi a tsaye. Wannan wataƙilar ta hana ni barci, kuma ba na jin zan iya shigowa gidan in same ki a ciki mu yi dariya kamar da.

Tun farko kuskure ne sa haya tsakanin dangi. Ina so in rufe gidan gaba ɗaya har in samu sukunin gyara shi yadda nake so. Ba na korarki da gaggawa, ki kai ƙarshen shekara. Hukuma ce ta turo ki, ita ya kamata ta nema miki wurin zama. Ki bar makullan wurin Baba.

Allah ya sa haka ya fi alheri.

Labaran.

Batsari,
Janairu, 1976.

Zuwa ga mai gida,

Gaisuwa. Muna lafiya, mun iso Batsari lafiya.

Na bar maka gidanka. Hukuma ta ce ba ta da ɗakin ba ni, nan Batsari kuma akwai mai riƙe da aikin, don haka na ajiye. Muna ɗaki ɗaya ni da yara a gidan Yaya Usaini. Matarsa tana da kirki, amma gidan cike yake, kuma kowa ya san nauyin baki uku. Ina soya ƙuli-ƙuli ana kai mini kasuwa.

Abin da dattawa suka ce nawa ne na gyara. Na sayar da akuyar, Gambo ya cike ramin ya shafe, ba za ka gane wurin ba. Kafinta ya yi sabon ƙyaure na katako mai kyau, ya fi na da kauri. Da ya zo kafawa ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Malama, ɗakin ga fa ba shi da rufi." Na ce ya kafa, rufi ba nawa ba ne. Ya kafa, na maida kwaɗonka na kulle. Makullin da ke aljihunka zai buɗe.

Ɗakunan da muka zauna na share, na shafa farar ƙasa a inda hayaƙin fitila ya taɓa. Daɓen bakin ƙofa ya ɗan zaizaye, wannan tafiyar ƙafa ce, bisa ƙa'idarka naka ne. Akwai wuri ɗaya a bango da Maijidda ta zana kaza da gawayi, na goge amma in ka duba da kyau za ka ga alama. In ɓarna ce ka aiko a gaya mini.

Makullan suna wurin Baba Sammani.

Saude.

Safana,
Satumba, 1976.

Zuwa ga uwar ɗakina Saude,

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta Tasalla da Maijidda, da Yaya Usaini da iyalinsa. Ni lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Kin ga daga inda nake rubutu. A zauren gidan nake zaune, takarda a kan gwiwata.

Sai yanzu na samu zuwa, kuma hannu biyu na zo. Kwanon da na yi ta jira ya samu, amma kuɗinsa ya tashi ya bar ni. Shekaranjiya na sauka. Ciyawa a tsakar gida ta kai ƙugu. Na nufi ɗakin Inna na iske ƙyaurenki a tsaye, sabo fil, kwaɗona a jiki. Bangon gabas ya zube, akuyoyin unguwa ta nan suke shiga su fita. Duk da haka na ciro makulli na buɗe, na shiga ta ƙofa. Tafasa ce ta fito a inda gadonta yake. Na tsaya a ciki, sama a buɗe, ban san lokacin da na fara kuka ba.

Ɗakunanki biyu ba wanda ya yaɓe su bana. Baba ya ce ban aiko da izini ba. Ɗaya ya fara yoyo, ɗayan na ga gara ta hau har azara. Ba taɓarya, ba akuya, ba kowa, kuma ga shi suna bin hanyar da na Inna ya bi. Na je gidan Baba in ga kayan, na iske adudun a rumbu ɓeraye sun shiga, tasoshin kuma jikokinsa na cin tuwo a ciki. Carbin kaɗai na samu yadda kika fito da shi.

Matan unguwa sun zo gaishe ni, kowace ke take tambaya. Wanda aka turo bayanki namiji ne, ba mai yarda ya shiga mata ɗaki.

Saude, ki dawo. Ba haya, ba komai, ki zauna kamar gidanki, ki hura wuta inda kika ga dama. Zan je har Dutsinma in yi magana a kan aikinki. Na san na ɓata miki. Ki gaya mini abin da zan gyara, in gyara kafin in koma. Ina nan har ƙarshen mako ina jiran amsa.

Ni ne bawanki,
Labaran.

Batsari,
Oktoba, 1976.

Zuwa ga Labaran,

Gaisuwa da fatan ka koma Kaduna lafiya, ka iske Zuwairatu da yara lafiya. Mu lafiya lau. Takardarka ta zo a kan lokaci, ba motar da ta lalace. Ni ce na ajiye ta har na san ka tafi, don kada ka zo mu haɗa ido in ji kunyarka in ce to.

Na yi baƙin cikin gidan, wallahi na yi. Na san kowane lungu nasa, na kuma so shi.

Na karanta wa yara takardar. Maijidda ta yi tsalle ta ce mu koma. Tasalla kuwa ta tashi ta fita. Da na bi ta, abu ɗaya ta tambaye ni, wai in mun koma za a sake shimfiɗa tabarmar? Na ce a'a. Ta ce ai wancan karon ma ban san za a shimfiɗa ba.

Ka ce in gaya maka abin da za ka gyara. Na zauna na duba tsakaninmu, yadda ka sa aka duba maka azara, ko zan ga inda ya ruɓe da kansa in ce tsufa ne, ba laifin kowa. Ban gani ba, Labaran. Lafiyarsa ƙalau zumuncin nan har ranar da aka kife kwanukanmu a tsakar gidanka, ɗiyata na tsaye. Ka fi ni sanin ƙa'ida, ka san wannan na wane ne. Na yafe maka, Allah ya yafe mana duka. Amma ban san maginin da ke cike irin wannan ba, kuma ba zan maida yarinyar nan gidan ba.

Ka gaida mutanen gida.

Saude.